Kowa Na Son Takobi, Wa Zai Yi Jinya?

Maganar da na kawo bana maganar wasa ce, wasan kwamfuta irin wanda ake yi ta intanet, inda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke shiga duniya ɗaya ta tatsuniya, mai dodanni da koguna da sarakuna. Na san wasu daga cikin manyanmu za su ce me ya kawo wannan cikin littafin shekara na makaranta. Ku yi mini haƙuri ku karanta, gama yaranku suna yin wasan ko suna kallon masu yinsa, kuma akwai wata gardama a cikinsa da ta isa a zauna a kanta.

Duk wanda ya buɗe irin wannan wasa ranar farko, kafin ya taka ko'ina, sai an tambaye shi wace sana'a yake so gwarzonsa ya riƙe. Mayaƙi ne mai takobi da sulke? Maharbi ne mai kwari da baka? Mai sihiri ne mai jifa da wuta? Ko kuwa mai warkarwa ne? Yawancin sababbin 'yan wasa ba sa ba wannan tambaya ko minti biyar. Ni kuwa ina ganin ita ce babbar shawara a wasan duka, kuma ina ganin yawancinmu muna amsa ta ba daidai ba.

Zan ɗauki misali da World of Warcraft, domin shi ne ya fi suna a irinsa. Kamfanin Blizzard na jihar Kalifoniya a Amurka ne ya fito da shi a watan Nuwamba na 2004, ya isa Turai a farkon 2005. A shekarar 2010 masu biyan kuɗin wata don su yi shi sun kai miliyan 12. Da sana'o'i 9 ya fara. Akwai mayaƙi, da maharbi mai tafiya da dabbarsa, da ɗan laɓe mai suka da wuƙa ta baya, da firist, da mai sihiri, da maye mai kiran aljanu, da boka mai aiki da iska da ruwa da tsawa, da mai rikiɗa wanda yake zama dabba, sai kuma barden haske, mai sulke da guduma wanda yake iya warkarwa. An ƙara ɗaya a 2008, ɗaya a 2012, ɗaya a 2016, ɗaya kuma a 2022, suka zama 13. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne wannan: kamfanin yana karɓar kuɗi ya sāke wa gwarzonka suna, ko ƙabila, ko ɓangaren da yake yi wa yaƙi, amma ba ya sāke masa sana'a. In ka yi wata uku kana renon maharbi sa'an nan ka gane jinya kake so, sai dai ka ƙirƙiro wani gwarzo dabam. Ya ɗan yi kama da ranar da aka ce mu zaɓi ajin kimiyya ko na fasaha, sai dai a can akwai malamin da zai kira ka ofis ya ba ka shawara.

To, yaya sabon ɗan wasa yake zaɓa? Hanya biyu ce. Ko dai ya dubi hoto, ya ga wanda sulkensa ya fi ƙyalli da wanda takobinsa ya fi tsawo, ko kuma ya tambayi waɗanda suka riga shi, ya ce, "Wanne ya fi ƙarfi?" Ta biyun ta fi ta farkon muni, ko da yake ita ce take kama da wayo. Ƙarfin sana'a ba abu ne tsayayye ba. Masu wasan suna gyara lissafinsa a kai a kai, su rage wa wannan su ƙara wa wancan, har ma su rushe yadda sana'a take aiki su sāke gina ta. Maharbin shekarun farko sai ya cika jaka da kibau ya kuma ciyar da dabbarsa, in ba haka ba ta yi fushi ta gudu. A 2010 aka daina sayen kibau ɗungum. Barden haske kuwa, mutane da yawa sun zaɓe shi a 2005 don su riƙa dukan dodo da guduma, da suka kai mataki na 60, wanda shi ne ƙarshe a lokacin, sai suka tarar babbar ƙungiya ba ta son kome daga gare su sai su tsaya a baya suna warkarwa, wasu ma cikin riga mai laushi maimakon sulke. Wanda ya zaɓi sana'a don tana saman jeri a wannan wata, ya gina ɗakinsa a kan tudun yashi ne a bakin kogi.

Tambayar da ta dace ita ce wane aiki za ka yi wa mutanen da za ku shiga kogo tare. A nan dole in ɗan bayyana yadda abin yake, saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Ana shiga kogo mutum 5. Ɗaya shi ne garkuwa, wanda 'yan wasa suke kira tanki. Ɗaya mai warkarwa. Sauran 3 masu sara ne, aikinsu su kashe dodo da sauri. Kowane dodo yana riƙe da wani lissafi a ɓoye na wanda ya fi ba shi haushi, kuma wannan mutumin yake bi. Duk wanda ya sare shi ya ƙara masa haushi, duk wanda ya warkar da abokin gābarsa shi ma ya ƙara masa haushi. Aikin garkuwa shi ne ya zama shi ne a saman wannan lissafi kullum, ya tsokani dodo, ya juya fuskarsa daga jama'a, ya sha dukan da zai kashe wani a bugu biyu. Mai warkarwa yana riƙe da ran garkuwa. Masu sara kuma suna tsere da lokaci, domin ƙarfin mai warkarwa yana ƙarewa, in faɗa ya yi tsawo sai ya rasa abin da zai yi jinya da shi. In garkuwa ya faɗi, dodo ya juya kan mai warkarwa. In mai warkarwa ya faɗi, sauran ƙidaya kawai ya rage.

Wannan rabon aiki ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da 'yan ƙwayoyin jifa masu lamba. Sana'o'i 3 ne kawai a cikinsa, mayaƙi da mai sihiri da malamin addini mai warkarwa, aka ƙara ɓarawo a 1975. Wasan EverQuest na 1999 ya yaɗa tsarin a cikin intanet, World of Warcraft kuma ya gada daga can. Fiye da shekara 50 ke nan ana sāke wa abin riga, gangar jikin tana nan.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Cikin kujeru 5, biyu na garkuwa da mai warkarwa ne, amma masu son waɗannan kujeru ba su taɓa isa ba. A watan Disamba na 2009 Blizzard ya kawo wata na'ura da take haɗa baƙi biyar ta jefa su cikin kogo, ba sai mutum ya tsaya a kasuwar birni yana shela ba. Nan da nan asiri ya tonu. Garkuwa yana latsawa ake kiransa, mai warkarwa ya ɗan jira kaɗan, masu sara kuwa su yi ta zaman jira kamar masu layin ruwa da rani. Abin ya kai har a 2011 kamfanin ya fara ba da wata jakar tukuici ga duk wanda ya yarda ya riƙe aikin da ya yi ƙaranci. Wasan Final Fantasy XIV na ƙasar Japan shi ma yana ba da irin wannan lada. Ku duba fa, wasa ne da mutane suke biyan kuɗinsu don su ji daɗi, amma sai an yi musu toshi kafin su karɓi aiki biyu cikin uku.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai sara yana da inda zai ɓuya. Su uku ne, in ɗaya ya yi sanyi, biyu sun rufa masa asiri. Garkuwa shi kaɗai ne, shi ake sa ran ya san hanya, shi yake yanke shawarar dodanni nawa za a taro a lokaci ɗaya. Mai warkarwa shi ma shi kaɗai ne, kuma duk wanda ya mutu shi yake fara kallo, ko da shi mamacin ne ya tsaya cikin wuta yana gani. Daɗin daɗawa, 'yan wasa sun ƙera wani ma'auni da yake jera sunaye bayan kowane faɗa, ya nuna wa ya fi sara. Ma'aunin yana iya ƙidaya raunin da aka warkar, amma babu inda yake rubuta mutuwar da aka hana aukuwa. In an ci nasara, na saman jeri ake yaba wa. In an fāɗi, sai a ce ina mai jinya yake.

Duk da haka ni shawarata ga wanda zai fara ita ce ya zaɓi sana'ar da take da ƙofa zuwa jinya ko garkuwa, ya kuma shiga ƙofar. Maharbi da mai sihiri da ɗan laɓe da maye, su huɗun nan sara kawai suke yi, ba su da wata ƙofa. Firist da boka suna iya sara suna iya jinya. Mayaƙi yana iya sara yana iya zama garkuwa. Barden haske yana iya duka ukun, haka ma mai rikiɗa. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan bai rufe wa kansa kome ba, in ya gwada ya ga ba zai iya ba, takobinsa yana nan.

Ba don gajeren layi kaɗai na faɗi haka ba, ko da yake shi ma abu ne. Mai sara dodo ɗaya yake kallo. Mai warkarwa mutane huɗu yake kallo, kuma cikin 'yan makonni sai ya san halinsu fiye da yadda suka san kansu. Ya san wanda yake ruga gaba ba ya jira, ya san wanda tsoro yake sa shi gudu zuwa inda ba a iya kai masa taimako, ya san garkuwan da yake duba baya ya ga ko mai jinya ya shirya kafin ya taro faɗa. Sa'an nan akwai lokacin da mutum biyu suke bakin mutuwa, ƙarfin da ya rage na ɗaya ne kawai, kuma daƙiƙa biyu gare ka. Abokinka ne mai sara, garkuwa kuwa baƙo ne wanda ɗazu ya yi maka baƙar magana. Wanda ya iya aikin zai ceci baƙon, domin in shi ya fāɗi kowa ya fāɗi. Babu wata sana'a a wasan da take sa yaro ɗan shekara 16 ya yi irin wannan hukunci sau goma a dare ɗaya. Ni a ganina wannan ya fi ganin babbar lamba ta tashi a kan dodo daɗi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ya faru a watan Satumba na 2005 da yake nuna irin mutanen da wannan aiki yake jawowa. An buɗe wani sabon wurin faɗa mai suna Zul'Gurub, babban dodonsa Hakkar yana sa wa 'yan wasa wata cuta ta jini mai yaɗuwa daga mutum zuwa na kusa da shi. An shirya cutar ta tsaya a wurin faɗan, amma sai dabbobin maharba suka ɗauko ta, masu su suka sallame su da cutar a jiki, suka sāke kiransu a tsakiyar birni. Manyan biranen wasan kamar Ironforge da Orgrimmar suka cika da gawawwaki, ƙananan 'yan wasa suna fāɗuwa nan take. Wasu suka gudu daji, wasu suka riƙa yaɗa cutar da gangan don mugunta. Masu warkarwa da yawa kuwa suka nufi inda annobar take suna jinyar waɗanda ba su sani ba, ba tukuici, ba wanda ya aike su. Har masana annoba biyu, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka yi rubutu a kan abin a wata mujallar likitoci a 2007, domin sun ga halin mutane na gaske a ciki. Gaskiya kuma ita ce wasu daga cikin masu jinyar sun kamu, sun ƙara yaɗa cutar ba da niyya ba. Kyakkyawar zuciya ba ta isa ba sai da sanin aiki, a wasa ma haka ne.

Na san abin da masu gardama za su ce, kuma ba duka ne banza ba. Za su ce mai warkarwa yana shan wuya in yana yawo shi kaɗai. Dā gaskiya ne. A shekarun farko firist mai jinya yakan daɗe yana fama da dodo ɗaya wanda maharbi zai gama da shi yana hamma, kuma in kana so ka sāke rabon gwanintarka sai ka biya, farashin yana hawa daga zinariya 1 har ya kai 50, a lokacin da dokin farko yake cin kusan 100. Amma tun 2009 aka ba mutum damar riƙe tsari biyu, yanzu kuwa a babban wasan ana sauyawa kyauta. Wannan uzuri ya tsufa, sai ga masu yin tsohon salon da aka sāke buɗewa a 2019.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, kuma ya shafe mu kai tsaye. Wasan ba shi da cibiya a Afirka, wanda yake yi daga nan da na'urorin Turai ko na Amurka yake haɗuwa, saƙonsa yana ɗan makara kafin ya isa. Ga kuma wutar lantarki da ba ta sallama in za ta tafi. In maharbi ya ɓace tsakiyar faɗa, mutum huɗu za su iya lallaɓawa. In mai warkarwa ne ya ɓace, ya ɓata wa mutum huɗu darensu. Wanda ya san layinsa ba shi da tabbas, ya ɗauki maharbi ko wata sana'a mai dabbar da take tare masa faɗa, ba laifi, wannan ma sanin ya kamata ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai kyakkyawan layi ya fake da wannan.

Wasu kuma za su ce tsarin ne ya lalace, a rushe shi kowa ya kula da kansa. An gwada. Wasan Guild Wars 2 ya fito a 2012 ba tare da keɓaɓɓen mai warkarwa ba, kowa yana da ɗan maganinsa. Da suka kawo manyan faɗace-faɗace na mutum 10 a 2015, sai ga mai jinya ya dawo ta taga. Final Fantasy XIV ya bi wata hanya da nake ganin ta fi hankali, wato gwarzo ɗaya yana iya koyon kowace sana'a, in ya sāke makami ya sāke aiki, amma kujerun nan uku suna nan daram.

Kada masu sara su ce na raina su. Mai saran kirki yana da aiki fiye da sara. Shi yake katse sihirin dodo kafin ya fito, ya kauce wa wuta don kada ya ƙara wa mai jinya nauyi, ya jira garkuwa ya kama dodo kafin ya saki hannu. Mai sihiri yana yi wa jama'a ruwa da abinci ya buɗe musu ƙofar komawa birni. Irin wannan mai saran kowace ƙungiya tana riƙe shi hannu biyu. Amma yawancin waɗanda na ga sun iya haka, in ka bincika, sun taɓa zama a kujerar jinya ko ta garkuwa, sun san abin da yake ci wa na baya tuwo a ƙwarya.

Iyayenmu na ikilisiya za su tsaya a kan maye mai kiran aljanu, kuma suna da ikon tambaya. Zane ne da lissafi a cikin na'ura, latsa maɓalli ba ya kiran kome. Duk da haka yaron da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ko wanda iyayensa suka ce a'a, yana da sauran sana'o'i 12, kada wani ya yi masa dariya. Ni dai da iyaye za su tambaye ni, da na ce abin da ya fi cancanta su sa wa ido shi ne agogo. A nan ne shawarata take da tsada, ba zan ɓoye ba. Mai jinya da garkuwa su ne waɗanda ba sa iya tashi tsakiyar faɗa, su ne kuma ƙungiya take nema dare bayan dare. A zamanin da ake shiga manyan koguna irin su Molten Core mutum 40, akan yi sa'o'i ana abu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukanta a 2019. Wanda ake bukata ya fi wanda ba a bukata wuyar cewa sai gobe. Saboda haka wanda zai riƙe wannan aiki ya gaya wa ƙungiyarsa tun farko cewa shi ɗan makaranta ne, da hutu ake ganinsa, in zangon jarrabawa ya zo su nemi wani.

Ga wanda yake so ya gwada, tun 2011 ana yin wasan kyauta har mataki na 20, kuɗin wata kusan dala 15 sai bayan nan. Wannan ya isa a reni gwarzo biyu a kwatanta. Ka reni wanda hotonsa ya burge ka, sa'an nan ka reni firist ko mai rikiɗa, ka kai kowannensu cikin jama'a, domin yawo kai kaɗai ba zai nuna maka kome game da sana'a ba. Ran da za ka fara jinya, kana shiga ka rubuta musu cewa yau ne farkonka, garkuwa ya tafi a hankali. Wani zai yi tsaki ya fita. Yawanci sauran sukan tsaya, gama sun san in suka kore ka, layin jiran wani mai jinyar za su koma.